Filin Lafiya: Me zan tarar ranar da za a ciro mini ƙwai?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Shekarata 34, na daɗe da aure ban taɓa samun ciki ba. Likitocin da ke duba ni sun ce hanyoyin da ƙwai ke bi zuwa mahaifa sun toshe, don haka ni da maigidana muka yanke shawarar yin dashen ciki na IVF, wato a haɗa ƙwaina da maniyyinsa a ɗakin gwaji sannan a mayar cikin mahaifata. Na fara allurai, kuma an ce mini nan da 'yan kwanaki za a ciro ƙwan. Shin yanka ni za a yi? Akwai zafi sosai? Sannan wata ƙawata ta ce idan aka kwashe ƙwai da yawa, al'adata za ta ɗauke da wuri. Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya sa a dace, Ya ba ku zuriya ta gari. Ki kwantar da hankalinki, ba yanka ake yi ba, babu kuma ɗinki. Alluran da kike sha yanzu, waɗanda galibi ake yin su kwana 8 zuwa 14, aikinsu shi ne su sa gidajen ƙwanki biyu su raini ƙwai da dama a lokaci guda, maimakon ƙwaya ɗayan da jiki ya saba nunarwa duk wata. Kowane ƙwai yana cikin wata 'yar jaka mai ruwa, kuma waɗannan jakunkuna ne likita ke aunawa duk lokacin da kika je sikanin. Idan manyansu suka kai kimanin milimita 18, sai a ba ki allura ta ƙarshe wadda ke ƙarasa nunar da ƙwan.

A kan wannan allura ta ƙarshe nake so ki fi mai da hankali, domin ana ciro ƙwan ne awa 34 zuwa 36 bayan an yi ta. Idan aka ce ƙarfe tara na dare, to ƙarfe taran ake nufi, ba bayan an gama da baƙi ko an kwantar da yara ba. Wadda ta jinkirta ana iya samun ƙwanta bai nuna ba, wadda kuma ta yi gaggawa ƙwan yana iya fita da kansa kafin likita ya kai gare shi, wahalar makonni da kuɗin da aka kashe su tafi a banza. Idan an sami kuskuren lokaci, ki kira asibitin nan take ki faɗi gaskiya, domin sau da yawa ana iya gyara lokacin aikin.

Ranar aikin za ki je ba ki ci ba ki sha ba, gwargwadon awannin da aka gaya miki, saboda maganin barcin da za a sa miki ta jijiya. Bayan barci ya ɗauke ki, likita zai shigar da na'urar sikanin ta gabanki, da siririyar allura a jikinta, ya huda kowace jaka ya zuƙo ruwanta yana kallon komai a allo. Ruwan za a miƙa wa masanin ɗakin gwaji, shi ne zai duba da madubin ƙara girma ya tsamo ƙwan. Aikin ba ya wuce minti 20 zuwa 30, kuma a ranar ne maigidanki zai bayar da maniyyinsa. Bayan hutun awa ɗaya ko biyu za a sallame ki, amma lallai wani ya raka ki gida, kada ki tuƙa mota a ranar.

Ki shirya zuciyarki game da lissafi, domin nan ne mata da yawa ke karaya. Ba kowace jaka ce ke ɗauke da ƙwai ba, ba duk ƙwan da aka samu ne nunanne ba, kuma cikin nunannun ma wasu ba sa haɗuwa da maniyyi. Raguwar adadin daga rana zuwa rana abu ne da aka saba gani, ba ya nufin an gaza.

Maganar ƙawarki kuwa ba haka take ba. Duk wata jikin mace yana tayar da ƙwai masu yawa, ɗaya ya nuna, sauran su lalace. Waɗanda da ma za su lalace ɗin ne alluran ke cetowa, saboda haka ba a taɓa rabon watanni masu zuwa.

Bayan aikin za ki ji ciwon mara irin na al'ada, da kumburin ciki, wataƙila da taurin bayan gida, kuma farasitamol yakan wadatar. Ɗan jinin da za ki gani daga wurin da allura ta huda yake fitowa, ba daga mahaifa ba, wannan bayanin ne za ki yi wa malami idan kina tambayar hukuncin salla. Sai dai akwai alamun da ba a kwana da su a gida: ciki ya yi ta kumbura, amai ba ƙaƙƙautawa, numfashi da ƙyar, raguwar fitsari, zazzaɓi, zubar jini mai yawa, ko ciwo mai tsanani a gefe guda. Wasu daga cikinsu na nuna cewa gidajen ƙwai sun amsa allurai fiye da kima, abin da ya fi samun masu matsalar PCOS, wato matsalar da ke sa gidajen ƙwai su tara ƙananan jakunkuna da yawa, al'ada kuma ta riƙa rikicewa. A irin wannan hali likita kan daskarar da 'ya'yan ƙwan, wato ƙwan da suka haɗu da maniyyi, har jiki ya huce, idan kuwa komai lafiya, ana mayar da su mahaifa a kwana na 3 ko na 5.