Me ya sa ra'ayin masu kallo ya rabu kan ƙarshen Casablanca?

Malam, ka tambayi dalilin da wasu ke yabon fim ɗin nan na 1942, wasu kuma suke cewa ƙarshensa ya ɓata musu rai. Rigimar duk a filin jirgi take. Takardun fita biyu ne kacal a hannun Rick, jarumin fim ɗin, sai ya sa tsohuwar masoyiyarsa Ilsa ta bi mijinta Laszlo zuwa Lisbon. Mai jiran masoya su haɗu dole ya ji an cuce shi. Amma dokar tace finafinai ta Hollywood a lokacin ba ta yarda matar aure ta gudu da saurayi ba, kuma a ganina tafiyar tata ce ta ba labarin nauyi.

Masu cewa fim ɗin yana da jan ƙafa galibi ba su san Maroko, inda labarin ya faru, tana hannun gwamnatin Vichy ta Faransa mai haɗa kai da 'yan Nazi a lokacin ba, shi ya sa maganganun Renault, shugaban 'yan sanda Bafaranshe a fim ɗin, ke wuce su. Minti 102 ne, kuma hira ta fi yawa, don haka kunna rubutun ƙasan allo. Nemi na asali, baƙi da fari, domin wanda aka shafa wa launi a 1988 ya kashe inuwar hotunan.