Ina danna Ctrl+S sai VS Code ya birkita min fayil gaba ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Muna wani aikin JavaScript mu huɗu, ni da VS Code nake aiki. Layi biyu kawai na gyara, ina danna Ctrl+S sai fayil ɗin duk ya canza, alamar ' ta koma ", dogayen layuka an kakkarya su, har waƙafi aka ƙara a ƙarshen wasu. Git ya nuna na taɓa layi sama da 200, shugaban aikin namu ya ce ba zai karɓa ba. Na shiga seti na cire Format On Save amma abin bai daina ba. Don Allah ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Daga alamomin da ka lissafo, wannan aikin Prettier ne, wato manhajar da ke tsara rubutun kod da kanta, kusan babu tantama. Idan bai tarar da fayil ɗin da zai faɗa masa tsarin da kuke bi ba, nasa yake ɗorawa: alamar " maimakon ', layi kar ya wuce harafi 80, sannan tun daga fitowa ta 3.0 a 2023 yana saka waƙafin ƙarshe kusan ko'ina, har a cikin abubuwan da ake miƙa wa function. Toh kaga duk ukun da ka gani sun fito.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne VS Code ba ya zuwa da Format On Save (setin da ke tsara fayil duk lokacin da aka yi sevin) a kunne, a kashe yake zuwa. Kenan wani ne ya kunna shi a wani wuri, kuma wurin da ka kashe ba shi ne mai iko ba. Seti a VS Code hawa-hawa ne. Akwai na User wanda naka ne kai kaɗai, akwai na Workspace da ke zaune a cikin foldar aikin, a .vscode/settings.json, kuma shi yana danne naka. Buɗe wannan fayil ka nemi editor.formatOnSave. Wurin da ya fi ruɗa mutane kuwa shi ne setin yare guda, za ka ga an rubuta "[javascript]" sannan a ƙarƙashinsa an kunna formatOnSave, wannan ya fi na gama-gari ƙarfi ko da a naka setin yake, shi ya sa kana cire alamar a can sama amma fayil ɗin JavaScript na ci gaba da canzawa kamar ba ka yi komai ba. Ka duba shi a wuraren biyu.

In ka duba duk a kashe suke, nemi editor.codeActionsOnSave. Idan akwai source.fixAll.eslint a ciki, ESLint, manhajar da ke duba kurakuran kod ɗin JavaScript, shi ne ke gyara lokacin sevin, kuma ayyuka da yawa suna haɗa Prettier a cikin dokokin ESLint ɗinsu, sai ya shigo ta bayan gida. In har yanzu ba ka kama mai laifin ba, danna Ctrl+Shift+P ka rubuta Start Extension Bisect, zai riƙa kashe rabin ƙarin manhajojin da ka saka yana tambayarka ko matsalar na nan, har ya tsaya a kan guda.

Na yau dai, don aikinka ya wuce: kwafe layuka biyun nan ka ajiye a gefe tukuna, domin git restore zai share har da su, mayar da fayil ɗin yadda yake, sake saka gyaran, sai Ctrl+Shift+P ka zaɓi Save without Formatting.

Amma gaskiya ni ba na son ka tsaya a kashewa kawai, don gobe wani a cikinku zai faɗa ramin nan. Ku zauna ku huɗun ku yanke tsari ɗaya, ku rubuta shi a .prettierrc a cikin aikin, misali singleQuote ya zama true tunda da ' kuka saba. Ku saka Prettier a package.json da lambar fitowa tsayayyiya, saboda idan babu shi a node_modules, wanda ya zo da ƙarin manhajar Prettier da ka saka a VS Code ne zai yi aiki, kuma ba lallai lambarsa ta yi daidai da ta abokan aikinka ba. Sannan mutum ɗaya ya tsara duk fayilolin a commit guda wanda babu wani gyara a cikinsa sai wannan. A naka setin kuma ka kunna prettier.requireConfig, daga nan ba zai ƙara taɓa aikin da ba shi da fayil ɗin tsari ba.

Saura abu ɗaya. In wata rana Git ya ce duk layukan sun canza alhali idonka bai ga bambanci ba, kalli ƙasan allo ta dama, za ka ga LF ko CRLF. Windows da CRLF yake rufe layi, Linux da Mac kuma LF, shi kuwa Prettier tun daga 2.0 LF yake mayar da komai. Danna wurin ka mayar da shi irin na sauran fayilolin aikin.