Amsa: Wai gaskiya ne BYD da batirin waya ya fara?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske kamfanin BYD ba na mota ba ne tun asali. Haka ne. Wang Chuanfu, masanin kimiyyar sinadarai, ya kafa shi a birnin Shenzhen na ƙasar Sin a 1995, yana haɗa batirin da ake caji, har ya riƙa sayar wa Motorola da Nokia. Sai a 2003 ya sayi masana'antar motoci ta Qinchuan da ke Xi'an, wadda ke da lasisin ƙera mota.

Motar da ta fito da sunan BYD ita ce F3 ta 2005, wadda kowa ya ganta sai ya ce Corolla ce, ga araha. A 2008 kamfanin attajirin Amurka Warren Buffett ya sayi kusan kashi 10 cikin 100 na hannun jarinsa a kan dala miliyan 230. Amma a 2010 BYD ya yi tuntuɓe: ya yawaita dillalai fiye da kima, ciniki ya gaza burin da ya sa, dillalai da dama suka janye.

A ganina, abin da ya ɗaga shi shi ne yin kayansa da kansa: batir, injin lantarki, har da ƙananan na'urorin sarrafa wuta. Batirinsa na Blade, wanda ya fito a 2020, ba ya buƙatar kobalt, wani ƙarfe mai tsada, kuma bai cika kamawa da wuta ba. A Maris 2022 ya daina ƙera motar fetur zalla, a 2024 kuma ya sayar da motoci sama da miliyan 4.