Yaya, ga abin da ya sa haɗewar kulob biyu ta tayar mana da hankali

Assalamu alaikum Yaya. Ina gida, ina su Hajiya da yara? Na saurari saƙonka, inda kake mamakin yadda iyaye Hausawa a nan Columbus ta jihar Ohayo muka zauna taro a masallaci har bayan Isha'i, don kawai kulob ɗin ƙwallon yaranmu zai haɗe da wani. Ka ce a Kano in ƙungiyoyin unguwa biyu suka haɗe, ƙarfi aka samu. Gaskiyarka, a Kano haka ne. Na ga ya fi in amsa a fili, domin ba kai kaɗai ka yi mini wannan tambayar ba.

Fara da duba wanda ke biyan kuɗi. A gida koci ne ke ɗawainiya. Shi zai nemo ƙwallo, ya roƙo jesi wurin wani mai hali, ya biya wa yara kuɗin mota, da fatan wata rana ɗayansu zai fita waje kowa ya ci arziki. Ta irin wannan hanya Ahmed Musa ya taso daga makarantar ƙwallo ta GBS a Jos, ya zo Kano Pillars, ya wuce VVV-Venlo ta Holan a 2010. A Amurka kuwa uban yaro ne ke biya. Kulob mai shiga manyan gasanni yakan karɓi dala dubu biyu, dubu uku, wani ya haura haka, a shekara guda, ban da jesi da mai da otal. Dokar FIFA ta ba kulob ɗin da ya reni yaro kaso in an sayar da shi zuwa wata ƙasa, amma an daɗe ba a aiki da ita a nan. Crossfire Premier, wani kulob na yara a yankin Siyatil, sai da ya kai ƙara FIFA yana neman kasonsa bayan an sayar da DeAndre Yedlin ga Tottenham, kuma sai a 2019 babbar gasar MLS ta ce za ta fara bin tsarin. Saboda haka kulob ɗin yara ba shi da wata rijiya sai aljihunmu.

Ban ce masu haɗewar ba su da hujja ba. A 2007 hukumar ƙwallon ƙasar ta kafa gasar matasa ta ƙasa baki ɗaya, ta rufe ta a Afrilun 2020 lokacin korona. MLS NEXT ta maye gurbinta a ɓangaren maza. Akwai kuma ECNL, wadda ta fara da 'yan mata a 2009, ta ƙara da maza a 2017. Waɗannan gasanni suna son kulob mai tawaga mai ƙarfi a kowane rukunin shekaru, da koci masu lasisi, da filaye masu kyau. Ƙaramin kulob ba zai iya shi kaɗai ba, kuma in bai samu shiga ba yaransa masu hazaƙa za su tafi inda aka samu. Shi ya sa maƙwabta biyu suke haɗa kai.

To amma yi lissafi, Yaya. Tawaga ɗaya yara goma sha shida ne zuwa sha takwas. Da akwai tawagar farko guda biyu a kowane rukuni, yanzu za ta koma ɗaya. Rabin yaran da ke buga wasa a sama za a sauko da su ta biyu ko ta uku, kuma kuɗin ba ya sauka yadda yaron ya sauka. Ana yin gwaji wajen ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni. Za ka ga yara ɗari da wani abu an maƙala musu lamba a baya, koci suna tsaye da allon rubutu, ba wanda ke kiran yaro da sunansa. Da daddare saƙon imel ya shigo, a ba ka ɗan lokaci kaɗan ka amsa ka biya kafin alƙalami. Na ga yaro ɗan shekara goma sha uku ya karanta irin wannan saƙo a wayar babansa, ya ajiye wayar a hankali, ya shiga ɗaki bai ci abincin dare ba. Abokin da suka taso tare an ɗauke shi, shi an bar shi.

Wannan damuwar kowane uba ce, Bature ko baƙi. Tamu ta ƙaru da wani abu. Mutanenmu, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zango daga Gana, yawancinsu aikin dare suke yi a manyan ɗakunan ajiyar kaya, ko tuƙin Uber, ko kula da tsofaffi. Atisaye kuwa ƙarfe biyar da rabi ko shida na yamma ne, sau uku a mako. Yadda muke iyawa shi ne mota ɗaya ta kwashi yaran gida huɗu, yau wannan uba, gobe waccan uwa. In aka raba yaran zuwa tawaga daban-daban, aka mayar da atisaye can bayan gari inda sabbin filaye suke, tafiyar minti arba'in cikin cunkoso, wannan tsari ya rushe. Ba wanda zai kori yaranmu. Da kansu za su daina zuwa.

Sai batun koci, wanda ni shi ya fi damuna. Mun yi shekaru kafin na yanzu ya san mu. In azumi ya zo, da kansa yake duba agogo, rana na faɗuwa ya busa usur, yara su zo bakin fili su sha ruwa su ci dabino, har 'ya'yan Turawa suna miƙa hannu. Ya san safiyar Lahadi ta Islamiyya ce. Bai taɓa tambayar 'yar maƙwabcina dalilin hijabi da dogon wando ba. Uban da aiki ya tsaya masa, akan ce ya biya kaɗan-kaɗan, magana ce ta baki da amana. Duk wannan ba a rubuce yake ba, kuma sabuwar hukuma abin da ke takarda kawai za ta gada. Da in kulob ya ƙuntata maka, ka ɗauki ɗanka ka kai wancan, su ma sun san haka, shi ya sa suke sauraro. Yanzu wancan ɗin ya zama wannan.

Na san abin da za ka ce: to ku cire yaran mana, ƙwallo dole ce? Jami'a a nan tsada gare ta ƙwarai, kuma masu horar da 'yan wasan jami'o'i wasannin waɗannan manyan gasanni suke zuwa kallo don zaɓen waɗanda za a ba tallafin karatu. 'Yan mata ma sun fi samun dama, albarkacin wata doka ta 1972 da ta hana makarantu masu cin kuɗin gwamnati fifita maza. Shekaru da dama, kafin a sauya tsarin a 2025, babbar jami'a na da gurbin tallafi 14 ga mata, 9.9 ga maza. Ina gaya wa iyaye gaskiya cewa kaɗan ne ke samu, kada wani ya ci bashi a kan wannan fata. Makarantar ƙwallo ta Columbus Crew, kulob ɗin garinmu da ke buga MLS, kyauta ce, amma yara nawa za ta ɗauka? Babban dalilina ni shi ne, a nan babu filin unguwa da yara za su taru da la'asar su raba kansu gida biyu. Yaron da ba ya cikin kulob yana ɗaki da waya, ko yana waje da waɗanda ba ka sani ba.

Abin da muka yanke a taron shi ne mu je wurin hukumar sabon kulob ɗin a ƙungiyance, mu nemi a rubuta mana kuɗin shekara biyu masu zuwa, da filin da kowane rukuni zai yi atisaye, da yawan rangwamen da za a ware wa marasa ƙarfi, kuma a fitar da takardar nema a fili. Mun nemi a bar ƙananan yara a filin da ke kusa da mu, a kuma ba iyaye kujera a kwamitin. In sun yarda, ɗana zai je gwaji. In sun ƙi, mun riga mun fara magana da 'yan'uwa Somaliyawa da Senegalawa kan mu yi rajistar tawagarmu a ƙaramar gasa ta cikin gari, kuma mutum biyu daga cikinmu sun ce za su je kwas ɗin lasisin koci.