Za a iya sake amfani da yis ɗin da ya kwanta a gindin mazubi?

Tambaya: Ina haɗa ruwan khal na tuffa a gida. Haɗin farko ya yi kyau, na biyu kuwa ya yi wari, har fumfuna ta hau kansa, alhali da sabulu nake wanke robar da nake haɗin a ciki. Daga ina matsalar take? Kuma yis ɗin da ke kwanciya a ƙasa, zan iya sake amfani da shi?

Amsa: 'Yar'uwa, robar nan nake zargi tun farko. Sabulu datti yake fitarwa, ba ya gamawa da ƙwayoyin cuta. In soson ƙarfe ya taɓa karce roba, a cikin karcen suke maƙalewa, inda wanki ba ya kaiwa. Da za ki koma mazubin gilashi, da ya fi. Ki wanke shi da zarar kin juye, kafin abin ya bushe, sannan ki jiƙa shi minti 20 a ruwa lita 4 da aka zuba wa bilic babban cokali ɗaya, ki ɗauraye sosai da tafasasshen ruwan da ya huce. Don Allah kada bilic ya haɗu da khal: iskar kulorin suke fitarwa, mai illa ga huhu.

Aikin khal hawa biyu ne. Da fari yis ke cinye sukari ya mai da shi alkohol, a rufe. Daga nan bakteriyar Acetobacter ta karɓa, ita kuma sai da iska take mai da alkohol ɗin tsami. Masanin kimiyya Louis Pasteur na Faransa ya bayyana wannan a shekarun 1860. Don haka kowane hawa da mazubinsa da cokalinsa, domin tsamin khal na raunana yis tun bai gama aikinsa ba.

Yis kuwa ana sake amfani da shi, amma na haɗin da ya yi kyau kaɗai. Na wannan mai warin, ki zubar. Da hawa na farko ya ƙare, bayan kin tsiyaye ruwan saman, ki zuba tafasasshen ruwa mai sanyi a kan abin da ya kwanta, ki girgiza, ki bar shi kamar minti 20. Dusar tuffa da mataccen yis za su nutse; farin ruwan nan mai kama da madara shi kike so. Ki juye shi a kwalba mai tsabta, ki sa a firij, kada ki ɗaure murfin tamau don yana ci gaba da fitar da iska. Ki yi amfani da shi cikin mako biyu.

Ni dai ba na so a wuce zagaye biyar a gida. Yis ɗin saye iri ɗaya ne tsantsa, dabarar da masanin kimiyya Emil Christian Hansen ya fara a Denmak a 1883, kuma kowane zagaye baƙin ƙwayoyi na ƙara kutsowa cikinsa. Da kin ji warinsa ya canza, ko kumfa ta yi jinkirin tasowa, ki sayo sabo.