Amsa ga mai shirin zuwa Manchesta: zancen mashaya

Ƙanena, saƙonka ya iso, barka da samun gurbin digiri na biyu. Ka ce wani ya tsorata ka cewa a Ingila duk hulɗar ɗalibai a mashaya ake ƙulla ta, wanda bai shiga ba ya zama saniyar ware. Kana so ka ji ko haka ne, da kuma abin da ke cikin wurin. Da gaskiya a maganar, amma an ƙara mata gishiri.

Gayyata dai za ta zo, tun makon farko na karɓar sababbin ɗalibai a watan Satumba. Ba 'yan ajinku kaɗai ba, har malamin da ke duba aikinka yana iya cewa a ƙarasa hira a can bayan taron sashe, kuma a wurinsa karramawa ce ya yi maka.

Ɗauki The Moon Under Water da ke titin Deansgate, tsohon gidan sinima da aka mayar mashaya, ɗaya daga cikin ɗaruruwan rassan Wetherspoon, kamfanin da Tim Martin ya kafa a 1979. Da rana za ka tarar da tsofaffi suna shan gahawa suna karanta jarida. Daren Juma'a kuwa ba masaka tsinke. Masu gadi na bakin ƙofa suna duba katin shaida, don doka ta hana sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18 giya, kuma da yawan wurare duk wanda fuskarsa ba ta kai 25 ba sai an tambaye shi. A ciki ga dogon kanta, famfunan giya sun yi sahu a kansa, kowanne da tambarinsa da adadin ƙarfinsa: mai ruwan zuma, mai ja, baƙa wuluk mai farar kumfa irin Guinness. Babban kofinsu mililita 568 yake ci. Hayaniya sai ka kai baki kunnen mutum kafin ya ji ka. Hayaƙin taba ne kawai babu, an hana sha a ciki tun Yulin 2007, amma warin giya zai bi rigarka har gida.

A galibin mashaya ba mai zuwa teburinka ya tambaye ka abin da kake so. Kai za ka je kanta, ka biya nan take. Ba a yin layi, amma mai sayarwa ya san wanda ya riga wani, kada ka ɗaga murya kana kiransa.

Inda 'yan uwanmu suka fi shiga tsaka mai wuya shi ne sayen zagaye. Idan ku shida ne, mutum ɗaya zai tashi ya sayo wa kowa, in kofuna sun ƙare wani ya tashi, kamar dai adashi. Ka karɓi lemon da aka sayo maka, to ka shiga, kwasarka na nan tafe: ga ka a gaban kanta kana biyan kuɗin giyar mutum biyar da guminka, kana ɗauko ta da hannunka. Ban da nauyin da ke kanka na addini, a tsakiyar gari kofi ɗaya yakan kai fam biyar ko shida, lissafa da kanka. Maganinsa tun zagayen farko ka ce ka gode, za ka sayi naka. Ba wanda zai ji haushi.

Abin sha ma da lura. Cider ruwan tuffa ne amma giya ce, shandy kuma giya ce da aka sirka da lemo. Ginger beer yawanci ba barasa a ciki, amma na Crabbie's akwai. Wasu masu ikirarin ba barasa suna ɗauke da kashi 0.5 cikin ɗari, ka karanta jikin kwalba. Ruwan famfo kyauta ne, doka ta wajabta wa kowace mashaya ta bayar in an nema. A abinci, gammon naman alade ne, kifin da ake soyawa da dankali sau da yawa da giya ake kwaɓa fulawarsa, naman sa da na kaza kuma kada ka ɗauka yankan Musulmi ne sai ka tambaya.

Ko ya halatta ka zauna? Ni ba malami ba ne, amma hadisin da ya hana mumini zama a teburin da ake zagayawa da giya sananne ne, kuma saboda shi ni na daina zama tuntuni. Wasu 'yan uwa kan leƙa su gaisa, su sha lemo su fita kafin kawuna su fara ɗaukar caji. Ka tambayi malaminka tun kana gida ka yanke shawara, don a bakin ƙofa, mutum takwas na jiranka cikin ruwan sama, ba wurin yin ijtihadi ba ne. Kuma ka faɗa sau ɗaya, a sarari: ni Musulmi ne, ba na sha. Mutanen nan sun saba jin haka. Wanda ya tsaya kame-kamen ciwon ciki, shi ake sake yi wa tayi mako mai zuwa.

Abin da ke mayar da mutum saniyar ware shi ne ya ƙi gayyatarsu, shi kuma bai taɓa kawo tasa ba. Ka gayyace su titin Wilmslow a unguwar Rusholme, inda gidajen abincin halal suka jeru har tsakar dare, ko ka dafa musu shinkafa dafa-duka a ɗakin girkin masauki. Za su zo, su cinye, su nemi ƙari.

Sai batun aiki, tunda ka taɓo shi. Bizar ɗalibi irin taka tana ba ka awa 20 a mako lokacin karatu, kuma mashaya na cikin wuraren da suka fi saurin ɗaukar ɗalibai, shi ya sa za a yi ta nuna maka ita. Akwai aikin ɗakunan ajiyar kaya, da manyan kantuna, da cikin jami'ar kanta, sai dai su kan ɗauki lokaci kafin su kira ka. Ka taho da guzurin wata biyu ko uku ban da kuɗin haya, don kada matsi ya zaɓar maka aiki. Ka gaida su Hajiya.