Robar Tib da Gyaran Baka

Kai yaro, kana tambayata me ya sa nake naɗe bakan harbin nan da ya tsage da tsohon tib ɗin keke alhali ga abin matsi na ƙarfe a rataye. To buɗe kunnenka, ba na maimaita magana.

Baka a lanƙwashe yake. Ƙarfe wuri ɗaya yake kamawa, ya lotsa icen, gefe da gefe kuma su zauna baki buɗe. Roba ko tana bin jikin ice duk inda ya karkata, kowane zagaye yana ƙara matsi a kan na baya. Ka yanke wurin bawul ka yar, ka tsaga tib ɗin a tsaye, faɗin yatsa biyu. Na babur ya yi kauri, bar shi. Cire tsirkiya da shafa gam ba sai na koya maka ba. Ka fara naɗi daga tsakiyar tsagar bakan, kana ja kana ɗora rabi bisa rabi, har gam ya tsattsafo siriri a baki. In ka ja da ƙarfin samartaka duk gam ɗin zai fice, ka haɗa ice da ice a bushe. Bakan da ya karye a gicciye kuwa, ka ce wa mai shi ya yi haƙuri. Wanda ya tsage bisa tsawon ice kaɗai ke karɓar gyara.

Sai a bar shi a inuwa kwana ɗaya cur, da damina biyu. Nan ne aka cuce ni, har gobe abin na ci mini rai.

Wani mutum daga wajen Ƙofar Gayan ya kawo mini bakan kakansa ana saura kwana biyu Babbar Sallah, wai da shi zai fita cikin 'yan baka ranar Hawan Daushe. Ya tsage daga mariƙi, tsawon taƙi guda. Na ajiye ƙofar wani Alhaji da nake yi, na zauna na share tsagar da tsinke, na ɗura gam, na naɗe da la'asar. Na ce masa kada hannu ya taɓa sai bayan an sauko idi. Washegari ina masallaci ya zo ya tsorata yaron shago, ya ɗauke kayansa, ko sisi bai bari ba. A gindin darbejiyar bakin titi ya warware robar, gam na nan fari ɗanye, ya ɗaura tsirkiya ya ja. Bakan ya dare har kai.

Kafin magariba ya kai ni ƙara wurin mai unguwa, wai na hallaka masa kayan gado. Mai shayin da ya ga komai da idonsa ya ce shi ba ya shiga. Dattawa suka ce in duba girman Sallah in biya. Ragon layyata na sayar, yaro. Shekarar nan 'ya'yana naman maƙwabta suka ci. Ranar hawa kuma na hango shi da wani bakan a kafaɗa yana taƙama.

Ku 'yan yanzu halinku ɗaya da shi, komai sai yanzu-yanzu, hannu ɗaya na aiki ɗaya na latsa waya. Wannan da na naɗe, ko mai shi ya zo da kuka ba ya fita shagon nan sai jibi, kuma sai ya biya. Tashi ka je wurin mai faci na Tudun Wada ka karɓo mini tib biyu, ka ja su a gabansa, wanda rana ta cinye tsinkewa yake.